Ko Kun Sani? An Taɓa Koyar da Tattalin Arziki da Ruwa

A shekarar 1949, wani ɗalibi ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna Bill Phillips ya ƙera na'urar da ke nuna yadda kuɗi ke zagayawa a tattalin arzikin Birtaniya. Sunanta MONIAC, tsayinta kuwa kusan mita 2.

Phillips injiniya ne kafin ya shiga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, don haka ya mayar da lissafin littafi abin gani da ido. Ruwa mai launi shi ne kuɗi. Inji kan tura shi sama, sai ya gangaro ta bututai, ya rarrabu zuwa haraji, ajiya, zuba jari da sayen kayan waje. Da zarar malami ya ƙara haraji, ɗalibai za su ga wani tanki yana raguwa, wani yana cika, alƙalami kuma yana zana sakamakon a takarda.

An ƙera irinta fiye da goma, jami'o'i kamar Harvard suka saya. Har yanzu akwai guda a Gidan Tarihin Kimiyya na Landan.