Uwargida, Wane Fetur Kike Zuba wa Injinki?

Ke da ke cikin kulle a Babura kina sana'ar markaɗe, injin nan shi ne jarinki, kuma aike kike yi a sayo miki mai. To uwargida, fetur suna ya tara.

Akwai zalla, akwai wanda aka gauraya da itanol, wani sinadari da ake tatsa daga rake, masara ko rogo. A Amurka yawancin fetur yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na itanol. Motar da ke yawo kullum ba ruwanta, amma masu jirgin ruwa mai inji sun fi son zalla, domin itanol yana zuƙar danshi. In man ya daɗe a tanki sai ruwa ya kwanta ƙasa, tsatsa ta kama, inji ya ƙi tashi. Naki ma haka ne, balle da damina. Mu ma mun ɗanɗana a Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai yawan metanol, ɗan'uwan itanol, motoci suka yi ta lalacewa.

Ga gwaji: ki zuba ruwa kaɗan a farar kwalba, ki yi alama inda ya tsaya, ki ƙara fetur, ki rufe ki girgiza. In ya kwanta kika ga ruwan ya haye alamar, akwai gauraye. Amma fa nesa da murhu da yara!

Ki aika gidan mai, a sayo daidai na kwana biyu. In injin zai huta, ki juye tankin. Allah ya sa wa sana'a albarka.