Ƙasar tsakuwa: halinta da yadda za mu ci amfaninta

Ƴan uwa manoma na Ɗan Barto da kewaye, yau za mu yi magana a kan wata ƙasa wadda da yawanmu muke rainawa, wato ƙasar tsakuwa.

Yawancin gonakinmu jigawa ne. Masu rabo suna da ɗan yanki a fadamun Korama, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu. Amma akwai wanda idan aka zo rabon gado, sai kasonsa ya faɗa a kan tudu mai tsakuwa. Ya sa hauya ta yi ƙara. Ya shuka gero, ya tsiro, ya ƙone. Daga nan sai ya ce ƙasar ta mutu, ya bar ta, ya tafi ci-rani Daura ko Kano. A da ana iya yin haka, domin akwai daji. Yau mutane sun ƙaru, gonaki sun tsuke, an daina barin saura. Saboda haka ya wajaba mu san halin wannan ƙasa, mu san maganinta.

Daga ina tsakuwa take fitowa?

Duk wanda ya taɓa zuwa Zinder ya ga manyan duwatsu masu sulɓi, wani a kan wani, a unguwar Birni da kewayen gari. Akwai irinsu a ƙasar Muniyo, wajen Gure. Masana suna kiran wannan dutse giranit. Idan muka fasa shi za mu ga ƙwayoyi iri uku. Akwai fari mai kama da gilashi. Akwai ja-ja ko fari-fari. Akwai kuma baƙi mai walƙiya kamar kwalli.

Rana tana gasa dutsen, dare yana sanyaya shi, har ya tsage. Ruwa ya shiga tsagar ya ci shi a hankali. Bayan shekaru masu ɗimbin yawa, ja-jan da baƙin suna ruɓewa su zama laka. Mai kama da gilashin ba ya ruɓewa da sauƙi. Shi ne yake zama rairayi da ƙananan tsakuwa. A ƙasar da ruwa bai da yawa, ruɓewar ba ta sauri. Shi ya sa ake samun tsakuwa da yawa, laka kaɗan.

Idan aka yi ruwan sama a kan dutse, ba ya nutsewa. Yana gangarowa da ƙarfi ta kwazazzabo, yana kwaso duk abin da ya tarar. Da ya iso gindin dutsen sai ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Sai ya fara ajiye kayansa: manyan duwatsu tukuna, sannan tsakuwa, sannan rairayi. Laka ce take tafiya can nesa. Wurin da ya zube kayan yakan yi fasalin mafici, tsukakke a sama, mai faɗi a ƙasa.

Inda aka fi ganin wannan a Nijar shi ne Azbin, arewa da Agadas, ƙasar da ayarin gishiri yake fitowa. Can akwai duwatsun Bagazam, waɗanda tsayinsu ya kai mita 2000. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, amma idan ya zo yakan zo da ambaliya, kamar wadda ta rushe gidaje da yawa a Agadas a watan Satumba na 2009. Masu lambu na Timiya da Tabelot ba sa shuka a sama cikin duwatsu. Suna yin lambunsu a bakin rafi, inda ƙasa mai laushi ta kwanta, ruwa kuma yana kusa. A nan suke samun albasa da dankalin turawa da lemo. Darasin da za mu ɗauka shi ne: ko a gona ɗaya, ƙasar sama dabam, ta gangare dabam.

Mu lura, akwai wata tsakuwar wadda ba ta giranit ba ce. Ita ce ta marmara, ja ko baƙi-baƙi, mai dunƙule-dunƙule. Takan bayyana inda iska da ruwa suka kwashe ƙasar sama. Asalinsu ba ɗaya ba ne, amma wahalar da suke ba manomi iri ɗaya ce, maganin ma ɗaya ne.

Halayenta guda huɗu

Na ɗaya, ba ta riƙe ruwa. Tsakuwa ba ta shan ruwa kamar laka. Ruwan yakan zurare ƙasa inda saiwa ba ta kai ba. Idan kuma fuskar ƙasar ta daskare ta zama fako, sai ya gudu ta sama. Shi ya sa shukarta take riga ta kowa yin yaushi idan ruwa ya ɗauke kwana goma.

Na biyu, ba ta da abinci. Giranit yana ba ƙasa sinadarin da ake kira fotash. Amma ba ya ba da azot, wanda yake sa ganye ya yi kore. Fosfor ɗinsa ma kaɗan ne, shi kuwa yake ƙarfafa saiwa. Azot yana zuwa ne daga taki da ruɓaɓɓen ganye da saiwar wake.

Na uku, tana da zafi, kuma tana cin kayan aiki. Hauya da garma suna saurin dakushewa a cikinta.

Na huɗu, tana da nata alheri. Ruwa ba ya kwanciya a kanta ya ruɓar da saiwa. Tsakuwar da ke sama kuma tana yi wa ƙasa rumfa. Tana rage bugun ruwan sama, tana hana iska kwashe ƙasa, tana rage bushewa. Don haka kada mu share ƙananan tsakuwa. Manyan duwatsu kaɗai za mu tsince, su ma suna da aikin yi.

Yadda za mu gwada gonarmu

Mu haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya. Mu ɗebi tiya uku na busasshiyar ƙasa daga cikinsa, mu tankaɗe da rariya mai manyan idanu. Masana suna cewa duk ƙwayar da ta wuce milimita 2, wato kamar ƙwayar gero, tsakuwa ce. Idan abin da ya rage a rariya ya fi tiya ɗaya, ƙasarmu ta tsakuwa ce sosai. Mu yi gwajin a sama da tsakiya da gangaren gona.

Yadda za mu gyara ta

Jerin duwatsu. Mu jera duwatsun da muka tsince a gicciye da hanyar ruwa. Tsayin jeri ya kai santimita 20 zuwa 30. Tsakanin jeri da jeri mu bar taki 20 zuwa 50. Inda gangare ya yi yawa, mu matso da su kusa. Malamin gona zai nuna mana yadda ake daidaita layi da tiyo mai ruwa. Jerin yana rage gudun ruwa, laka da ganye su kwanta a bayansa. Mu dasa gamba a gefensa.

Tassa. Da rani mu haƙa ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, taki ɗaya tsakaninsu. Ƙasar da muka fitar mu tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Mu zuba hannu ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki a kowane rami. Gara za ta zo ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanya. Idan an yi ruwan shuka sai mu shuka a cikin ramin. Mu sani tassa ba ta yi a jigawa mai laushi, domin rairayi yana cike ramin.

Wannan dabara an gwada ta. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga ana yi, suka dawo suka fara. Daga 1991 zuwa 1996 an auna amfanin gonakinsu. Masu tassa da taki sun samu wajen kilo 500 a hekta, gonakin da ba a gyara ba kuwa wajen kilo 125. Har ta kai mutane suna sayen fakon da a da ba mai so.

Takin zamani kaɗan-kaɗan. Kada mu watsa shi a ƙasar tsakuwa, ruwa zai tafi da kuɗinmu. Mu sa abin da yatsu uku suka ɗauka na 15-15-15 a kowane rami, tare da takin gida.

Itatuwa. Tun bayan farin 1984, manoman Matamaye da Magariya da Miriya suka riƙa barin ƴaƴan gawo a gonakinsu, har masana na ƙasashen waje suna zuwa kallo. Mu yi wa gonar tsakuwa irin wannan sassaben zamani. Mu bar gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya. Saiwarsu tana ratsa tsakuwa, ganyensu yana zama taki.

Irin da ya dace. Mu shuka gero mai saurin nuna, da wake, da riɗi, da yakuwa. Gyaɗa da rogo da dankali suna son ƙasa mai laushi, mu kai su jigawa ko fadama.

Gargaɗi a kan lafiya

Kamar yadda ruwa yake zurarewa cikin tsakuwa, haka ƙazanta take bi. Idan salga tana kusa da rijiya, za ta iya kawo zawo da kwalara. Mu bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, salga kuma ta kasance a gangare, rijiya a sama. Kada mu gina gida a hanyar ruwa, ko da ta yi shekaru a bushe.

Ƴan uwa, aikin nan yana da wuya, ba na mutum ɗaya ba ne. Mu yi gayya, mu fara da ɗan yanki bana, mu ƙara baɗi. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa, sannan a je a gwada gona tun kafin damina ta faɗi.