Kina Ɗaki a Tambuwal, Aikinki Yana Ikko

Yau filin namu zai ɗan ajiye zancen girki da renon yara, ya leƙa wata sana'a wadda mace za ta iya yi tana zaune bisa tabarmarta a Tambuwal ko Kebbe, alhali abin da ta ke kula da shi yana can Ikko ko Abuja, ko ma ƙetaren teku. Sana'ar ita ce kula da uwar garke daga nesa.

To, mece ce uwar garke? Ke 'yar makaranta, ran da sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO ya fito, kin ɗauki waya kin buga lambarki gabanki yana faɗuwa, sai ga sakamako ya bayyana. Ke kuma uwargida, kin aika wa 'yarki kuɗin makaranta ta waya, ko kin je wurin mai POS a kasuwa. Duk wannan, wata kwamfuta ce can nesa ta karɓi tambayarki ta ba ki amsa. Ita a ke kira uwar garke, wasu kuma su ce saba. Ba ta barci, ba ta hutun Salla. Shafin intanet duk da ki ka buɗe, a cikin irinta ya ke ajiye, kamar yadda hatsi ke ajiye a rumbu. Ta farko a duniya da ta ɗauki shafin intanet, wani Bature mai suna Tim Berners-Lee ne ya kafa ta a 1990, a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, har ya liƙa mata takarda yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta.

A yau irin waɗannan na'urori a jere su ke cikin manyan gine-gine masu sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa da masu gadi a ƙofa. Kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da irin wannan gini a Abuja, kamfanin Rack Centre kuma yana da nasa a Ikko. Amma abin mamaki, yawancin masu kula da na'urorin ba su taɓa ganinsu da ido ba. Daga nesa su ke ba su umurni.

Kada wannan ya zame miki baƙon abu, 'yar'uwa, gama kin san irinsa tun kina yarinya. Mace tana cikin kulle, ta soya ƙosai ko ta dama fura, ta ɗora wa yarinya talla. Ba ta taka kasuwa ba, amma ta san abin da ya fita, ta san abin da ya kamata ya dawo, in an rage kwabo ta gane. Haka kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika jajis zuwa ƙauyuka suna karantar da mata 'Yan Taru, ita kuwa tana gida. Tafiyar da aiki daga nesa tsohuwar gadonmu ce, kayan aikin ne kawai su ka sake.

Ga yadda abin ya ke. Mai kula da uwar garke takan buɗe wani baƙin allo a kwamfutarta, ko a waya ma, ta rubuta umurni. Umurnin ya bi ta intanet ya isa na'urar, na'urar ta aikata, ta mayar da amsa a rubuce. Hanyar da a ka fi bi sunanta SSH. Wani malamin bincike ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, shi ya ƙirƙiro ta a 1995, bayan ɓarayi sun sace kalmomin sirri na mutane a jami'arsu ta Helsinki. Kafin nan saƙo a fili ya ke tafiya, kamar wasiƙa ba ambulan, kowa ya tare ta a hanya ya karanta. SSH kuwa tana murɗe saƙon yadda in ɓarawo ya tare shi ba zai fahimci komai ba. Wani alherin kuma, tun da rubutu ne zalla ba hoto ba bidiyo, ba ta cin data da yawa, ko sabis ya yi rauni irin na ƙauye takan yi aiki.

Shiga kuwa da kwaɗo da mabuɗi ne. Kwamfutarki za ta ƙera miki abu biyu masu tafiya tare. Ɗaya kamar kwaɗo ya ke, shi za ki rataya a ƙofar uwar garke, ko wa ya gan shi ba laifi. Ɗayan shi ne mabuɗin, yana nan wurinki, ba a aika shi, ba a ba da aronsa ko ga aminiya. Wannan ya fi kalmar sirri tsaro nesa ba kusa ba, domin akwai na'urorin ɓarayi da ke yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofar kowace uwar garke, suna gwada kalmomi dubbai ko za su dace.

In kin shiga, mene ne aikin? Na farko, duba lafiyar gida: wurin ajiya ya kusa cika? Na'urar ta yi nauyi? Umurni ɗaya mai harafi biyu, df, zai nuna miki sauran wurin da ya rage, kamar ki leƙa rumbu ki ga inda gero ya tsaya. Na biyu, sabunta manhajoji a kan kari, gama duk sa'ad da a ka gano wata kafa masu manhaja sukan fitar da gyara, wadda ta yi sakaci kuwa ta bar katanga a tsage, kuma kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, ajiye kwafin dukan bayanai a wani wuri dabam, kuma ki riƙa gwada kwafin lokaci lokaci ki tabbata yana buɗuwa. Na huɗu, karanta littafin da na'urar ke rubutawa da kanta, wanda ke nuna wa ya shigo, da ƙarfe nawa, me ya taɓa. Na biyar, lura da takardar shaidar tsaro ta shafin, domin tana da wa'adi, wasu kwana 90 kacal, in ta ƙare sai baƙi su ga gargaɗi su juya.

Kada ki ce wannan fage na maza ne. Sa'ad da a ka ba Nijeriya alamarta ta .ng a 1995, mace ce a ka ɗora wa riƙon ta, Uwargida Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba, na'urorin kuwa a lokacin suna birnin Pisa na ƙasar Italiya. Haka nan wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Ikko, wadda ta fara aiki a 2010, Uwargida Funke Opeke ce ta kafa kamfaninta.

Amma fa ba za mu ɓoye miki ba, sana'ar tana da ranar baƙin ciki, kuma mu mutanen kudancin Sakkwato mun ɗanɗana. A watan Satumba na 2021 a ka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, sa'an nan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ba da sanarwar an katse a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Tambuwal. Mai kula da uwar garke a irin wannan rana ta zama makiyayiya wadda kogi ya raba ta da garkenta. Na'urar tana can tana aiki, amma in ta sami matsala ba mai taɓa ta. Ko manya ba su tsira ba. Ran 4 ga Oktoba na wannan shekara, Facebook da WhatsApp su ka ɗauke wajen awa shida a duniya duka, saboda kuskuren umurni guda da ya rufe wa ma'aikatan kamfanin hanyarsu ta shiga daga nesa, sai da a ka tura mutane da ƙafa zuwa ginin na'urorin. Ran 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin teku huɗu su ka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna a Nijeriya su ka yi ta fama.

Darasin da ke ciki uku ne. Duk aikin da ya ke maimaituwa, kamar ajiye kwafi, ki saita na'urar ta riƙa yi da kanta ko ba kya nan. Ki sami abokiyar aiki amintacciya a wani gari, Sakkwato ko Birnin Kebbi, da nata mabuɗin dabam, wadda za ta riƙe in naki layin ya yanke. Kuma in za ki taɓa tsarin ƙofar shiga, ki bar wata ƙofa a buɗe har ki gwada sabuwar, kada ki kulle kanki waje da hannunki.

Ina za a fara? Ke da ke Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya a Tambuwal, ko wata sakandare a Kebbe, Dogon Daji ko Sanyinna, ki riƙe Turanci da kyau, domin da shi a ke rubuta umurnin, kuma kada ki guji ɗakin kwamfuta. Yawancin uwayen garke da tsarin Linux su ke aiki, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ne, tsohuwar kwamfutar da a ka jingine ma tana ɗaukarsa. Da ita za ki koyi umurni goma na farko kafin ki kashe ko naira a haya. Gaba kuma akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, inda a ke karanta ilmin kwamfuta.

Ke kuma uwargida, ki zauna da maigida ki yi masa bayani dalla-dalla, ya san aiki ne da ba ya fid da ke daga gida, sai dai yana son wuta, don haka ƙaramin faifan hasken rana da batir sun fi sabon leshi amfani. Makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, da 'yan kasuwa masu shafin intanet, duk suna bukatar mai lura musu. In 'yarki ta nuna sha'awa, kada ki ce wasan waya ta ke yi, ki tambaye ta ta nuna miki abin da ta koya.

Daga ƙarshe, ki sani wannan aiki amana ce. Mai riƙe da mabuɗi tana iya ganin sunayen mutane, da lambobinsu, da sakamakon 'ya'yansu, wani lokaci har da asirin rashin lafiyarsu. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, mai hukunta wanda ya yi wasa da su. Mu kuwa tun kafin doka an koya mana cewa abin da ki ka gani a ɗakin wata ba na kai wa bakin rijiya ba ne. Wadda a ka san ta da riƙon asiri, ita a ke sake kira.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.