Ciwon damuwa: abin da ake kira iska a gidajenmu

A Bande, kamar sauran garuruwan Magarya da Dungas, in mai jego ta daina cin abinci, ta ƙule a ɗaki tana hawaye, jaririnta na kuka ta kasa ɗaukarsa, sai a ce iska ce ta taɓa ta ko an yi mata sammu. In magidanci ne ya bar zuwa majalisa, ciyawa ta cinye masa gero yana kwance, sai a ce ba shi da tawakkali. Sau da yawa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Baƙin ciki yakan zo ya wuce. Ciwon damuwa kuwa yakan kai mako biyu ko fiye bai saki mutum ba: barci ya gagara, jiki ya mutu, abin da yake so a da ya fita masa a rai, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 280 ke fama da shi, kuma yana kama fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu ciki da masu jego. Bashi, mugunyar damina, rasuwar ɗa, ko miji ya tafi cin rani ya yi shiru, duk suna iya tayar da shi.

Abin takaici, mai ciwon yakan je asibiti ya ce kansa ke sarawa, ƙirjinsa ya yi nauyi, a ba shi farasitamol ya koma gida. A faɗa wa malamin asibiti komai, har da kukan dare. In abin ya fi ƙarfin asibitin gari, akwai na Magarya, akwai babban asibitin Damagaram. Maganin ya haɗa da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da ƙwayoyi irin su amitriptyline ko fluoxetine, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu. Kada a yanke su don an ji sauƙi, kada a nemi tiramol wurin 'yan talla. Addu'a ba ta hana shan magani.

Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da igiya daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.