Fumfuna da Yis: Masu Narkar da Mai a Rumbu da Masana'anta

Fumfuna ba ta da baki, ba ta da tumbi. Idan ta sauka a kan gyaɗa ko ƙwallon kaɗanya, sai ta zubo wasu sinadarai su narkar da abincin a inda yake, sannan ta tsotse. Waɗannan sinadarai su ake kira enzayim, kuma wanda aikinsa ya shafi mai da kitse shi ne laifes. Mu ma muna da irinsa a ciki: tun a 1848 Claude Bernard na Faransa ya nuna cewa ruwan da fankiriyas ke zubawa cikin hanji shi ke narkar da kitsen da muka ci.

Kowace ƙwayar mai gilisarin ce guda ɗaya, riƙe da jelar asid uku. Laifes yana amfani da ruwa ya tsinke waɗannan jelar ɗaya bayan ɗaya. To amma mai da ruwa ba sa haɗuwa, shi kuwa laifes cikin ruwa yake zaune. A 1990 masana suka fito da siffar laifes na fumfunar Rhizomucor miehei, sai aka ga wurin da yake yanka a rufe yake da wani ɗan murfi. Murfin yana buɗewa ne idan sinadarin ya isa iyakar da ɗigon mai ya taɓa ruwa. A nan kaɗai yake nuna cikakken ƙarfinsa.

Masana'antu sun fi son na fumfuna da yis saboda waje suke fitar da shi, tace shi daga tankin da aka raine su ba wuya. A 1988 kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya fito da Lipolase, laifes na farko da aka samar da yawa don garin wanki ta hanyar dashen ƙwayar gado. An ɗauko ƙwayar gadon daga Thermomyces lanuginosus, fumfuna mai son zafi, aka dasa ta cikin Aspergillus oryzae, wadda Japanawa suka daɗe suna haɗa abincinsu miso da ita. Da irin wannan ne garin wanki ke cire maiƙon miya daga riga ba sai da tafasasshen ruwa ba.

Wani shahararren laifes ya fito daga yis mai suna Candida antarctica, wanda aka samo a tafkin Vanda na yankin ƙanƙarar Antatika. Ana liƙa laifes ɗin a jikin ƙananan ƙwayoyin roba, a yi aiki da shi, a tace, a sake amfani da shi. Abin mamaki, idan ruwa ya yi ƙaranci laifes yakan juya aikinsa, ya koma haɗa asid da sinadarin alkohol maimakon rabawa. Da wannan dabara ake yin dizal daga man girki, da mayukan shafawa, da man da ke maye gurbin man koko a cakulan. Cukun Roquefort na Faransa ma, ƙamshinsa mai ƙarfi daga aikin laifes na fumfunar Penicillium roqueforti yake.

Sai dai inda ba a gayyace shi ba, ɓarna yake yi. Yis ɗin Malassezia da ke zaune a fatar kan ɗan Adam ba ya iya haɗa asid na mai da kansa, don haka yake fasa maiƙon fata ya ci. Ragowar da ya bari tana sa wa wasu ƙaiƙayi da amosani. Haka abin yake a rumbu. Gyaɗa ko kaɗanyar da aka adana da danshi tana yin fumfuna, laifes ya fasa man tun yana cikin ƙwaya. Asid ya yi yawa, man ya yi maƙaƙi, masu saye su karya masa daraja. Wata fumfunar gyaɗa, Aspergillus flavus, har gubar aflatoksin take bari, mai illa ga hanta.

Laifes ba ya fasa mai sai da ruwa, fumfuna ma ba ta tsiro sai da danshi. Saboda haka manomi da mai ƙuli su shanya gyaɗa ta bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako nesa da ƙasa, a kuma tsince duk wadda ta yi fumfuna kafin a kai inji.