Gwajin Oddy: Tantance Kayan Ajiya a Gidajen Tarihi

Katako, fenti, gam da ƙyallen shimfiɗa na iya cin amanar kayan tarihin da aka ba su tsaro. Ulu yakan fitar da iskar farar wuta mai baƙanta azurfa, wasu katakai kuma tururi mai tsami suke saki, wanda ke mai da darma farin gari. A rufaffen akwatin gilashi tururin ba shi da mafita, sai ya taru.

Wannan ya sa Andrew Oddy na Gidan Tarihin Birtaniya ya ƙirƙiro gwajinsa a 1973. Ana sanya guntun abin da ake shakka cikin kwalba tare da ɗan ruwa da ƙananan sallayen azurfa, jan ƙarfe da darma. Sai a toshe, a bar ta cikin zafin digiri 60 har kwana 28, domin zafi da laima suna gaggauta ɓarnar da kan ɗauki shekaru.

Idan ƙarafan ba su sauya ba, kayan sun dace da ajiyar dindindin. Ɗan dushewa na nufin amfanin wucin gadi, tsatsa sosai kuwa a yi watsi da su. Raunin gwajin shi ne ido ke yanke hukunci, shi ya sa ake kwatantawa da kwalbar da ba a sa samfurin ba.