Alƙaluman da Suka Kai Brazil Yaƙin Duniya na Biyu

Tsakanin 15 da 17 ga Agustan 1942, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-507 ya nutsar da jiragen ruwan Brazil biyar daura da gaɓar ƙasar. Mutum 607 suka rasu, 270 daga cikinsu a jirgin Baependy kaɗai. Jama'a suka fantsama titunan Rio de Janeiro cikin fushi, ranar 22 ga wata kuwa gwamnatin Getúlio Vargas ta ayyana yaƙi da Jamus da Italiya.

Wannan adadi shi aka fi tunawa, kuma ya cancanta, domin akwai mata da yara cikin mamatan. Amma a ganina manufar 'yan ba-ruwanmu ta Brazil ta riga ta ƙare tun kafin wannan mako, kuma alƙaluman ciniki ne suke nuna haka.

A 1938, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayan da Brazil ke shigowa da su daga Jamus suke fitowa, kafaɗa da kafaɗa da na Amurka. Ƙasar da ke da manyan abokan ciniki biyu tana da dalilin tsayawa tsakiya, Vargas kuwa ya iya cin moriyar kowanne. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, sojojin ruwan Birtaniya suka tare hanyoyin teku, cinikin Jamus ya durƙushe. Saura babban abokin ciniki ɗaya, wato Amurka.

A 1940 Amurka ta amince da rancen dala miliyan 20 don gina masana'antar ƙarafa ta Volta Redonda, burin da Vargas ya daɗe yana nema. Kuɗin ba sadaka ba ne. Birnin Natal na Brazil bai wuce kimanin kilomita 3,000 daga Dakar ba, kuma daga filin jirginsa jiragen saman Amurka suka riƙa tsallaka Atlantika, su bi ta Accra da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Alkahira. A Janairun 1942 Brazil ta yanke hulɗa da Jamus, Italiya da Japan. Bayan nan ne aka fara nutsar da jiragenta ɗaya bayan ɗaya.

Sojoji kimanin 25,000 Brazil ta tura Italiya daga Yulin 1944, suka ƙwace tudun Monte Castello a Fabrairun 1945. Fiye da 400 ba su dawo ba, adadin da bai kai na waɗancan kwana uku na Agusta ba.